Guɗa a Tsakiyar Waƙa

"Kujera uku aka ba mu, Ummi. Uku. To waɗancan mutum biyun fa?"

Dorra ta yi maganar ƙasa-ƙasa don kada mahaifinta da ke gabansu ya ji. Sun riga sun shigo tsohon filin wasa na garin Aljam, rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, duwatsun ginin na ta huro zafin da suka sha tun safe. A layi na uku, daidai inda tikitinsu ya nuna, wata dattijuwa mai jiki tana ɗago musu hannu, awarwaron zinarenta sai ƙara suke yi. Kusa da ita ɗanta ne a tsaye cikin kwat ruwan toka, ya saƙala ƙullin furen yasmin a bayan kunne.

Ummi, mahaifiyarta, ko kallonta ba ta yi ba. "Filin na ubanki ne? Kowa da ƙafarsa ya zo."

"Lalla Zakiyya ce fa da Hatim. Yaushe Lalla Zakiyya ta fara zuwa jin irin wannan waƙa?"

"Yau ta fara. Saki fuskarki."

Nan take Dorra ta sha jinin jikinta. Shekararta talatin da ɗaya, kantin magani take riƙe da shi a tsakiyar garin Safakus, mutum goma sha ɗaya ke aiki a ƙarƙashinta, amma da zarar Ummi ta ce saki fuskarki, sai ta saki.

Shekara uku ke nan tana son Ziyad. Laifinsa biyu ne a wurin mahaifinta, Si Munsif mai matsar man zaitun. Na farko, mawaƙi ne. Na biyu, wanda ya fi na farkon nauyi, ɗan garin Kaf ne, can cikin duwatsun arewa. Mu mutanen Safakus, a faɗi gaskiya komai ɗacinta, gara mu ba da 'yarmu ga gurgun da muka san kakansa da mu ba baƙo mai doki. Sau huɗu Ziyad ya zo gidan da kwalin alawa a hannu, sau huɗu Si Munsif ya ƙi fitowa falo. Ko fuskarsa bai taɓa gani ba.

Yanzu kuma haƙurin ya zo iyaka. Wani gidan waƙa a Italiya ya aiko wa Ziyad takardar aiki ta shekara biyar, gobe da safe zai sa hannu ko ya mayar musu. Tun kwanakin baya ya faɗa mata a waya, muryarsa ba faɗa a ciki, sai gajiya:

"In babanki ya zo ya ji ni, ya ba ni hannu, ya ce in zo gida mu yi magana, wallahi zan yaga takardar in karɓi koyarwa a makarantar kiɗa ta garinku. In bai yi ba, Dorra, ki yafe mini. Na gaji da tsayuwa a ƙofa."

Ta roƙi mahaifinta kwana tara. A rana ta goma ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Zan je. Hannu ma zan ba shi." Ta yi kukan murna har da sumbatar kansa. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta me ya sa dutse ya yi laushi dare ɗaya ba.

"Ga 'yata, ga 'yata!" Lalla Zakiyya ta rungume ta, ƙamshin turarenta ya cika mata hanci. "Zo nan kusa da ni. Kai Hatim, matsa mana, ka tsaya kamar an dasa ka."

Hatim ya gaishe ta da ladabi, hannu a ƙirji. Mutum ne mai kunya, ɗan shekara talatin da takwas, yana fitar da kifi ƙasashen waje tun rasuwar mahaifinsa. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Abin da ya fi ba Dorra haushi ke nan, ta duba ta sake dubawa ba ta samo masa aibu ba.

Aka zaunar da ita tsakanin Lalla Zakiyya da mahaifinta. Ta waiga baya. Kusan rabin layukan gaba 'yan Safakus ne, don tafiyar awa ɗaya ce a mota. Ga mai kantin zinare, ga matar likitan Ummi, ga abokan kasuwancin Baba har su uku.

Aka rage fitilu. Makaɗa kusan hamsin suka zauna da gogensu manya da ƙanana, shugabansu ya ɗaga 'yar sandarsa. Wata baƙuwar mawaƙiya cikin doguwar riga ja ta fito ta buɗe murya.

Lalla Zakiyya ta saurara na minti biyu, sannan ta zunguri Dorra.

"Baiwar Allahn nan lafiyarta ƙalau kuwa? Kamar mai naƙuda."

"Haka salon yake, Lalla."

"Ba ganga, ba rawa, kowa ya yi tsit kamar zaman makoki. Kuɗi kuma aka biya?" Ta zuge jaka ta fito da soyayyen luzi mai kama da gyaɗa a takarda. "Ungo, ci. Kin rame. In kika zo gidana wata ɗaya ya ishe ni."

Sau biyu ta tafa a inda ba a tafawa, wani mai gilashi a layin gaba ya waigo ya harare ta, ita ma ta rama. Hatim ya sunkuyar da kai. Dorra kuwa ba ta ji ko waƙa ɗaya ba. Kalmar nan ta "in kika zo gidana" ita ce ke ta kaɗawa a kunnenta har aka kunna fitilun hutun rabin lokaci.

Ta kama hannun Ummi ta ja ta cikin wani lungu na dutse, bayan masu sayar da shayi.

"Ki faɗa mini gaskiya don Allah. Me aka shirya?"

Ummi ta gyara gyalenta. "Sun nemi aurenki tun watan jiya. Babanki ya ce zai ba su amsa yau."

"A nan? A wurin waƙar Ziyad? Da tikitin da shi ya aiko mana?"

"Ke kika nace a zo. Babanki ya ce to, a yi komai a wuri ɗaya, yaron ya gani da idonsa ya haƙura, ke ma ki huta."

Hawaye suka zubo wa Dorra. "Ummi, me na yi muku? Tun ina ƙarama ban taɓa ce muku a'a ba. Kun ce magani zan karanta, na karanta. Kun ce kada in tafi Tunis aiki, ban tafi ba. Abu ɗaya tak na roƙa a rayuwata."

"Abu ɗayan ne ba ya yiwuwa." Muryar Ummi ita ma ta fara rawa. "Kina ganin ni ba na ji? Ina jin kukanki ta bango, ni ma ba na barci. Amma ki duba ni da kyau. Ƙannenki biyu suna ɗakin mazajensu, duk bikin da na je sai an tambaye ni, ita babbar fa? Na gaji da cewa karatu, na gaji da cewa aiki. Mai waƙa yau yana nan, gobe yana Masar, jibi murya ta dushe. Da me zai riƙe ki?"

"Da abin da nake samu ma za mu rayu."

"Ki rufe mini baki! Mace ta ciyar da miji, a garin nan? So kike a nuna ubanki da baki?"

"Ni ba yarinya ba ce, Ummi. Ba mai aurar da ni ban yarda ba."

"Haka ne." Ummi ta share idonta da gefen gyale, ta nuna mata da haɓa. "Ba wanda ya ɗaure ki. Ga shi can a tsaye da Hatim. Je ki, ki ce masa ba kya so, a gaban baƙinsa. Ni ba zan riƙe ki ba."

Dorra ta leƙa. Mahaifinta na tsaye da kofin shayi, furfurarsa na ƙyalli a ƙarƙashin fitila, yana dariya irin wadda ta daɗe ba ta gani a fuskarsa ba. Taku ashirin ne tsakaninsu, ba ƙari.

Ta yi taku biyu ta tsaya.

In ta yi magana yanzu, Baba zai fusata ya ce a tafi gida, ba zai ji Ziyad ba. In hayaniya ta tashi, labari zai kai bayan dandali, ta ɓata wa Ziyad daren da ya shekara yana jira. Bari dai a gama waƙar. In Baba ya ji muryarsa, ai komai zai zo da sauƙi.

Haka Dorra take. Shekara uku tana cewa bari a gama azumi, bari a gama tsinkar zaitun, bari Baba ya warke daga mura. Kullum dalilinta mai kyau ne, kullum kuma yana tsaya mata daidai inda tsoro yake so ta tsaya.

"Bayan an tashi zan yi masa magana," ta ce.

Ummi ta yi mata kallo mai tsawo.

Kafin su isa kujerunsu ta hango su. Baba da Hatim da Lalla Zakiyya sun haɗa kai, tafin hannuwansu a buɗe daidai ƙirji, leɓɓansu na motsi. Suka shafa. An karanta Fatihar baiko.

 Dorra ta zauna tana lallashin zuciyarta: mutum biyar ne kawai suka sani. Maganar da ba ta fita daga mutum biyar ba, ana iya warware ta a falo, a rufe ƙofa, a ba da haƙuri. An sha yin haka.

Fitilu suka sake mutuwa. Ziyad ya fito.

Baƙar kwat ce a jikinsa, wadda suka zaɓa tare. Ya rusuna wa jama'a, idonsa ya sauka kai tsaye a layi na uku. Ya gan ta. Ya ga dattijon da ke gefenta. Wani murmushi ya suɓuce masa irin na yaron da aka ce ya ci jarrabawa, har sai da ya sunkuyar da kai ya ɓoye shi. Dorra ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Waƙarsa ta farko da Italiyanci ya yi ta. Si Munsif ya harɗe hannu a ƙirji, fuska ba yabo ba fallasa.

Sai makaɗan suka sauya. Sarewa ɗaya ta fara wani sauti siriri, goge suka bi ta a hankali. Ziyad ya rufe ido ya ɗauko wata tsohuwar waƙa ta matan ƙauye, wadda suke yi a gonar zaitun lokacin tsinka, ta uwar da ke kiran ɗanta da ya tafi teku. Kowa a ƙasar nan ya taɓa jin ta a bakin wata tsohuwa. Amma ba wanda ya taɓa jin ta haka, da murya mai cika fili, makaɗa hamsin na ɗauke da ita.

Dorra ta ji numfashin mahaifinta ya sauya. Ta saci kallonsa. Hannuwan da ya harɗe sun sauka kan gwiwa. Hawaye na bin kumatunsa yana shiga gashin baki, bai ko share ba. Tunda take ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne ɗan'uwansa.

Ya karkato kansa. "Shi ne wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Kakarki..." ya ce. "Da wannan waƙar take tashe mu da asuba. Shekara arba'in rabon da in ji ta." Sannan ya ce, "Wa ya koya masa?"

"Mahaifiyarsa. Ita ma tsinka take zuwa yi, har gonakin garinmu."

Si Munsif ya daɗe yana kallon dandalin.

"Me ya sa ba ki taɓa ce mini haka yake ba?"

"Ba ka taɓa bari na gama magana ba, Baba."

Ya lalubo hannunta ya matse. "Na yi gaggawa," ya ce can ƙasan maƙoshi. "Ki yi shiru tukuna. Ba wanda ya ji. Gobe zan je gidansu Hatim da kaina."

Dorra ta toshe bakinta da ɗaya hannun don kada kukan ya fito. Wani daɗi ya rufe ta wanda ba ta taɓa jin irinsa ba. Ashe jiran bai tashi a banza ba.

Lalla Zakiyya ta ga kukan, ta fassara shi yadda ta ga dama. "Allah sarki, kunyar amare," ta ce, ta zare awarwaro ɗaya mai kauri daga hannunta. Kafin Dorra ta ankara an kama hannunta na hagu, an matse yatsun, an tura shi da ƙarfi har ya wuce.

Daidai lokacin waƙar ta kai ƙololuwa. Shugaban makaɗa ya ɗaga sandarsa sama ya riƙe. Goge suka ɗauke. Ziyad ya ja numfashi don baitin ƙarshe. Duk wanda ya saba zuwa irin wannan wuri ya san shirun nan cikin waƙar yake, ko tari ba a yi. Mutum dubu uku suka riƙe numfashi.

Lalla Zakiyya ba ta san wannan ba. Ita a duniyarta, in kiɗa ya tsaya an gama ke nan, kuma ga ɗanta tilo an ba shi mata, ga awarwaro ya shiga hannu. Tun hutun rabin lokaci abin ke cin ta a wuya.

Ta ɗora hannu a saman leɓe, ta rangaɗa guɗa.

Ginin Aljam an yi shi ne don murya ta kai ko'ina. Guɗar ta bugi bango ta dawo, ta haye har layin ƙarshe. Kuma a wurinmu ba a barin guɗa ta tafi ita kaɗai, abin kunya ne ga mai ita. Matar likita ta amsa daga baya. Wata ta amsa daga dama. Kafin ƙiftawar ido mata sun fi goma.

Lalla Zakiyya ta ɗaga hannun Dorra sama, zinaren na walƙiya. "Ɗana ne! An ba mu 'yar Si Munsif!"

Hatim, don rashin sanin abin yi, ya miƙe ya dafa ƙirji yana rusuna wa masu cewa Allah ya sa alheri.

Ziyad na tsaye da numfashin da ya ja a ƙirjinsa. Ya dubi hannun da aka ɗaga. Ya dubi mutumin da ya miƙe. Ya dubi Dorra. Shugaban makaɗa ya sauke sanda a fusace, goge suka shigo, Ziyad ya buɗe baki ya kai baitin har ƙarshe bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Bai sake kallon layi na uku ba.

A hankali Si Munsif ya saki hannunta.

Da aka tashi, sai da suka yi kusan minti ashirin kafin su fita daga layin. Mai kantin zinare ya rungume Baba. Abokan kasuwancinsa suka ce ashe haka za a yi mana, sai a bakin guɗa za mu ji? Wata har ta kira 'yarta a waya tana ba ta labari. Baba yana amsawa, "Madalla, na gode, Allah ya bar zumunci," fuskarsa ta koma yadda Dorra ta san ta.

"Baba," ta ce da suka samu sarari. "Ka ce gobe za ka je..."

"Na ce zan ba shi hannu. Zo mu je."

Suka bar su Ummi a bakin ƙofa. A bayan dandali makaɗa na ta mayar da kayansu cikin akwatuna. Ziyad na tsaye shi kaɗai a jikin wani ginshiƙi, ya kwance ɗaurin wuyansa. Da ya gan su ya miƙe sosai.

Si Munsif ya miƙa masa hannu. Ziyad ya karɓa da hannu biyu.

"Allah ya yi maka baiwa, ɗana. Ka sa ni kuka a gaban mutane." Ya ja numfashi. "Da na san ka kafin yau, da wata maganar ake yi."

"Na zo sau huɗu, Si Munsif."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ka zo. Laifina ne, kuma zan mutu da shi. Amma ka ji abin da kowa ya ji. Fatiha a ɓoye ina iya zuwa in nemi afuwa. Wannan kuwa rabin garina ne shaida. In na janye, na tozarta marayan da bai yi mini komai ba, da uwarsa, kuma maganata ba za ta sake sayen ko tulun mai ɗaya a Safakus ba."

 Ziyad ya juyo ga Dorra. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa a daidai take.

"Dorra, guɗar nan taki ce?"

"Ba a tambaye ni ba, Ziyad. Wallahi ba a tambaye ni ba." Tana kuka tana jan awarwaron, ya tsaya a ƙashin hannu ya ƙi fita, fatar wurin har ta yi ja.

"Na sani. Shi ya sa ni nake tambayarki. Takardar tana aljihuna. Ba babanki nake tambaya ba yanzu, ya faɗi nasa, kuma na ga girmansa. Ke nake tambaya. In kika ce ba taki ba ce, a nan zan yaga ta, mu tsaya tare mu sha duk abin da garinku zai faɗa."

Ta dubi mahaifinta. Da ya zare mata ido, da ya daka tsawa, wataƙila da ta samu ƙarfin yi masa gardama. Bai yi ko ɗaya ba. Yana tsaye kafaɗunsa sun sauka, sawun hawaye bai gama bushewa a kumatunsa ba, ya kawar da kai gefe yana jiran hukuncinta kamar kowane tsoho.

"Ziyad," ta ce, muryarta na karyewa, "ka ba ni kwana biyu kawai. Bari abin ya lafa, in samu Baba a gida, in..."

Ya yi wani ɗan murmushi wanda ya fi mari zafi.

"Kwana biyu," ya ce a hankali. "To, na ji amsar."

Ya sake kama hannun Si Munsif ya sumbace shi kamar yadda ɗa ke yi wa uba. Ya ɗauki jakarsa, ya bi bayan makaɗan ta ƙaramar ƙofa.

Dorra ta buɗe baki za ta kira shi, sunan ya maƙale. Daga can bakin babbar ƙofa muryar Lalla Zakiyya ta taso, cike da farin ciki, tana ratsa duwatsu:

"Ina amaryar tamu ta shige ne? Ku ce mata mota na jira!"